Wai an riga an ji ra'ayinmu

Tun jiya raina yake tafasa, har yanzu bai huce ba. Mako uku ƙungiyarmu ta mazauna unguwa tana zama da daddare, muna rubuta matsayarmu kan sabon tsarin da hukumar tsara birni ta fito da shi: za a yanka fili ɗaya tilo da ya rage mana, a dasa rukunin shaguna da benaye, a matse magudanar ruwan da ta bi ta bayansa. Ba mu ce kada a yi gini ba. Cewa muka yi a bar wa ruwa hanyarsa, a nuna mana rahoton tasirin aikin ga muhalli, a kuma faɗa mana inda za a kai masu ƙananan sana'o'in da ke cin abinci a gefen filin. Shafi huɗu, da sa hannun magidanta.

Ni aka wakilta in kai ofishin hukumar. Tun ƙarfe tara nake kan benci, sai wajen sha biyu aka ce in shiga. Na tarar da jami'in yana latsa waya. Na yi sallama, ya amsa ta hanci. Na ce, "Ranka ya daɗe, matsayar ƙungiyarmu ce kan maganar filin nan." Bai ɗago ba. Ya kama takardar da yatsu biyu kamar tsumma na miƙa masa, ya leƙa shafin farko, ya ce, "Baba, ku injiniyoyi ne?"

Na ce, "A'a, amma mu ne ruwa yake shigar wa ɗaki."

Ya yi wani murmushi na raini. "Ai an riga an ji ra'ayin jama'a. An manna sanarwa."

Na ce a ina? Wai a allon ofishinsu. Allon da ke hawa na biyu, bayan ƙofar da mai gadi ba ya barin kowa ya wuce sai ya san wanda ya aiko shi. Madalla! Ashe laifinmu ne da ba mu iya duba ba. Na haɗiye, na roƙi ya buga mini hatimin shaidar karɓa a kwafina. Ya ce mai hatimin ya fita. Hatimin kuwa ga shi a kan teburinsa, ina kallonsa yana kallona. Ya jefa takardarmu kan tulin fayilolin da ƙura ta rufe, ya danne ta da cajar waya, sannan ya ce, "Matsalarku ke nan, ba kwa son ci gaba."

Ci gaba! Irin na mai haƙar rijiya. Da sunan wannan ci gaban aka cinye filin ƙwallon yara, aka sare itatuwan bakin titi, aka ba wani izinin kafa katanga a kan kwalbati. Ba sai ka yi digiri ba kafin ka san ƙasa tana shanye ruwan sama, kankare kuwa ba ya sha, sai ya turo shi gidan wanda ke gangare. Duk damina mu ne da bokiti da tsakar dare.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gwamnatoci sun san komai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su zauna nan da 2050. A 2015 aka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa, na 11 a cikinsu ya ce a tsara birane tare da mazaunansu. A 2016 suka sake hallara a Kito ta ƙasar Ekwado, suka maimaita alkawarin. Aka ɗau hoto, aka watse. A gida kuwa sai an gama raba filoti a takarda sannan a tuna akwai mutane a wurin.

Mu ma ba mu fita ba. Maƙwabcin da ya fi kowa kuka lokacin ambaliyar bara, da aka kai masa takarda ya sa hannu sai ya noƙe, wai an yi masa alkawarin shago a sabon ginin.

Litinin zan koma, da mutum goma a bayana, mu gani ko mai hatimin ya dawo.