Kafin ki sayi curin wanka mai ƙamshin mangwaro

'Yan uwa mata, curin wankan nan mai tafasa cikin ruwa, wato bas-bom, ya fara shiga kayan masu haɗa sabulu da humra a gida, wani da siffar kankana, wani ja kamar sitiroberi. Ina goyon bayan a saya wajen ƙananan masu sana'a, domin nasu sabon yi ne, kuma wannan kaya da ya wuce kamar wata shida ƙarfinsa ya tafi. Sai dai yawancinmu launi da ƙamshi muke saye, alhali ingancin yana wajen awo da busarwa.

Asalinsa daga Ingila ne. Mo Constantine, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin kayan wanka da kwalliya na Lush, ita ta ƙirƙiro shi a 1989, don mutanen da ke kwanciya cikin bahon wanka. Haɗin ba wuya: kofi 2 na bekin soda, kofi 1 na sitirik asid, rabin kofi na sitacin masara, cokali 2 na narkakken man kwakwa ko man kaɗanya, sai turare da bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin haɗin ba. Da ruwa ya taɓa soda da asid sai iskar kabon dayoksaid ta fito, ita ce tafasar da kike gani. Shi ya sa ake yayyafa sifirit kaɗan-kaɗan lokacin cuɗawa, har haɗin ya kama in an dunƙula shi kamar dawon fura. A danna a mazubi, a bar shi ya bushe awa 24 zuwa 48.

In mai sayarwa ta ce da ruwan mangwaro ko na kankana na gaske ta haɗa, ki dakata. Ruwan 'ya'yan itace ruwa ne, zai tayar da haɗin tun a kwano, abin da ya rage kuma ya yi fumfuna. Mangwaro, abarba, kankana da sitiroberi duk turaren haɗi ne, kuma ba laifi in dai na shafawa a fata ne. Lemon zaƙi da lemon tsami ne ake tatsar mai daga ɓawonsu. Abin gudu shi ne a ɗebo turaren da aka tanada don kaya ko ɗaki a zuba, daga nan ƙaiƙayi da ƙuraje ke farawa.

Ki juya curin a hannu. Mai kyau yana da tauri, fatarsa sumul, ba ya barin gari a tafi. Wanda ya kumbura ya yi ƙuraje ya sha danshi, aikin damina ke nan, zai nutse ya yi ɗan tsuwwa ya mutu. Wanda ya tsattsage kuwa haɗin ya bushe kafin a danna shi, abin da hunturu ya saba yi. Mai sana'ar da ta san aikinta tana naɗe kowane ɗaya a leda da zarar ya bushe, kuma tana rubuta kayan haɗi da ranar yi. Ki tambaye ta ko ta sa folisobet 80. Shi ke sa mai da kala su gauraya da ruwa; in babu shi za su taso sama, su bar zobe a jikin baho, ƙasa ta yi santsi.

Gidaje nawa ne a cikinmu ke da bahon kwanciya? Curi mai giram 120 an auna shi ne don ruwa fiye da lita 100. Jefa shi duka a bokitin lita 15 asara ce, ga turare ya yi wa fata yawa, ga shi cikin minti biyar kin sheƙa ruwan ya bi rariya. Ba sabulu ba ne kuma, ba ya fitar da dauɗa. Abin da ya fi shi ne ki raba shi huɗu, ki sa kashi ɗaya a roba da ruwan ɗumi, ki jiƙa ƙafa minti 15 zuwa 20, ki goge kaushi da dutse, ki bi da man kaɗanya. In faso ya buɗe, ki bari ya warke tukuna, don zai yi raɗaɗi. Da masu yin nan za su riƙa fitar da ƙanana masu giram 30, da sun fi samun ciniki a wajenmu.

Mai fama da ciwon sanyi ko fata mai saurin ƙaiƙayi kada ta zauna cikin ruwan, kuma ba a yi wa jarirai wanka da shi. Sannan a mazhabar Malikiyya ruwan da launinsa ko ƙamshinsa ya sauya da irin wannan ba a alwala ko wankan tsarki da shi, don haka ki tanadi wani ruwan daban.