Kuskuren da ba ya faɗin sunansa

Kwamfuta talatin na jera a ɗakin horo, na saita su su ɗauko manhajar aiki da kansu ta PXE, wato hanyar tayar da kwamfuta ta netwok. Ashirin da shida suka gama lafiya lau. Huɗu kuwa, suna sake tashi suka tsaya cak, sai lambar 0x80004005 a allo. Ma'anarta? Wai kuskuren da ba a fayyace ba. Haba! Wannan ai ba bayani ba ne.

Tun azahar har magariba ina tonon smsts.log layi-layi, fayil ɗin da ke ɗauke da bayanin abin da ya faru a kowane mataki na aikin, wanda shi ma wurin ajiyarsa ke canzawa daga mataki zuwa mataki. Ashe direban katin netwok ne babu, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, domin huɗun sabon samfuri ne. Me ya hana saƙon ya faɗi haka tun farko? Layi ɗaya fa ya isa!