Mai buga ƙwallo OON, mai zubar da jini MON

Tun da Shugaba Tinubu ya bai wa kowacce 'yar wasan Super Falcons, tawagar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, lambar girmamawa ta ƙasa ta OON da dala dubu 100 da gida a watan Yulin 2025 wani abu ya tokare mini a ƙirji. Ba hassada nake yi ba. Yaran sun ciwo kofin Afirka a Maroko, Allah ya sanya albarka. Abin da ya hana ni sakat shi ne jana'izar da aka yi a maƙabartar sojoji ta Abuja ranar 27 ga Maris 2024, inda aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta. Kwamandansu, Laftanar Kanal A.H. Ali, da sauran hafsoshi uku, MON aka ba su. Ƙananan sojoji 13 kuma aka ba su lambar FRM, wadda ko MON ba ta kai ba.

A majalisarmu ta gindin darbejiya, can wajen Ringim, wani tsohon hedimasta ne ya warware mana lissafin. Ya ɗauki tsinke ya ja layi huɗu a ƙasa: GCON a sama, sai CON, sai OON, MON a can ƙarshe. Sannan ya ɗora tsinken a layin ƙasa ya ce nan ne gurbin wanda ya ba da ransa. Mai shayi da ke saurare ya tambaya, to na saman fa, na su wane ne? Aka kwashe da dariya, don kowa ya san irin manyan rigunan da ake rataya wa shi.

Masu cewa ai soja ya san abin da ya sa wa hannu, kuma albashi ake biyansa, ba su cancanci dogon martani ba. Su ma 'yan siyasar albashi suke karɓa, har da ƙari. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa lamba ƙarfe ce kawai, ba ta cika ciki. In ƙarfe ce kawai, me ya sa manya ke kamun ƙafa a sa sunansu a jerin? Lamba shaida ce ta abin da ƙasa ta ɗauka da daraja, kuma yaran ƙauye na kallo. Su ne dai ke tururuwa duk lokacin da aka buɗe ɗaukar kurata.

Kuma ba wai ba mu iya karramawa ba ne. Dubi Muhammad Abu Ali, jagoran tankokin yaƙin da suka taimaka aka ƙwato Baga a 2015. Yana raye aka ɗaga shi daga Manjo zuwa Laftanar Kanal saboda jarumtarsa, a fagen daga, a gaban yaransa. Ya ga abin da idonsa, ya ji daɗinsa, kafin ya kwanta dama a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016. Wannan ita ce karramawa. Amma ko a nan akwai ƙura: ba shi kaɗai ya faɗi a daren ba. Wa zai iya kawo sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda aka binne tare da shi?

A unguwarmu akwai wata dattijuwa da ɗanta kurtu ya tafi arewa maso gabas bai dawo ba. Hotonsa cikin kaki na rataye a saman jeren kwanukanta, rana ta fara cinye launinsa. Ba ta san MON ba, ba ta san FRM ba. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, ita kuwa tana tsakar gida tana sussukar gero.

A gyara jerin nan, wanda ya mutu a bakin daga ya hau sama da mai riƙe da kujera. A yaba wa jarumi tun yana numfashi. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma, da ba sa gajiya da laƙaba wa ajujuwa biyu sunan ubangidansu na siyasa, su nemi sunan yaron garinsu da ya faɗi a Sambisa ko bakin Tafkin Chadi su rubuta a bangon firamaren da ya yi. Kuɗin fenti ne kawai.