Jerin kalmomi a allo ba zai koya wa yaranmu Turanci ba

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharuɗɗan shiga jami'a, ta ce wanda zai karanci fannoni irin su harsuna da tarihi ba lallai ne ya kawo kiredit a Lissafi ba. Turanci kuwa ba a taɓa shi ba. Ko Hausa yaro zai karanta a jami'a, ko Larabci, ko aikin likita, sai ya nuna kiredit ɗinsa na Turanci. A jarrabawar JAMB ma shi ne darasin da ke kan kowa, kuma shi ya fi yawan tambayoyi: guda 60, alhali kowane ɗaya daga sauran darussa ukun 40 ne. Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a babbar sakandare an san wannan ƙofa, kuma da wuya a rasa wanda ya maƙale a bakinta yana ta sake zaman jarrabawa.

Tunda haka ne, ya kamata mu leƙa cikin ajin Turanci mu ga yadda ake koya wa yara kalmomi. Abin da nake gani shi ne muna wahalar da su a kan kalmomin da ba su buƙata yanzu, mun bar waɗanda ko shafi ɗaya ba ya karantuwa sai da su.

Tsarin sananne ne ga duk wanda ya yi makarantar gwamnati. Malam zai cika gefen allo da kalmomi, ya rubuta ma'anar kowace a gabanta da Turanci, sau da yawa ma'anar ta fi kalmar wuya. Yara su kwafe. Ranar Juma'a a yi gwaji, wanda ya kawo ma'anar yadda aka rubuta ta ya ci. Mako mai zuwa a goge allo a kawo wasu sababbi, waɗancan kuma an rabu ke nan.

Kwanakin baya na karɓi littafin kalmomin ɗiyar ƙanwata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare. Yarinya ce mai himma, kuma littafin ya nuna haka: ta ja layi a tsakiyar kowane shafi, kalma da jan biro, ma'ana da shuɗi. Na ga "ubiquitous", na ga "magnanimous", na ga "cantankerous". Na tambaye ta, ta kawo ma'anoninsu tiryan-tiryan. Sai na buɗe mata wani gajeren labari a jaridar Turanci a wayata, kan tsadar kuɗin mota, na ce ta karanta ta gaya mini abin da aka ce. Ta tsaya a kan "despite", ta tsaya a kan "afford", ta sake tsayawa a kan "whereas". Kafin ta kai ƙarshen sakin layi na biyu zaren labarin ya kuɓuce mata. Ta ɗago ta ce, "Kawu, ai waɗannan ba a ba mu su ba." Gaskiya ta faɗa, ba a ba su ba, domin an ɗauka ƙananan kalmomi ne da kowa ya sani.

Wani ɓangare na laifin namu ne, mu manya. Mun daɗe muna auna ilimin mutum da nauyin Turancin da yake zubawa. A gasar muhawara ta makarantu, yaron da ya jefo kalmar da alƙalai ma sai sun duba ƙamus shi ake yi wa tafi, ko da hujjarsa ba ta da ƙwari. Yara suna gani, suna kuma koyon darasin. Sai ɗalibi ya ɗauka cewa tara kalmomi yana nufin tara manya-manya, kamar yadda ya ji ana fasa su a wajen taro.

Masu nazarin koyon harshe sun daɗe da gano cewa akasin haka ne ke aiki. Michael West, wani malami Bature da ya yi shekaru yana koyar da Turanci a Dakka, a yankin Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kusan 2,000 a 1953, waɗanda suka fi yawan fitowa a rubutun Turanci. Waɗannan kaɗai su ne kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke shafin rubutu na yau da kullum. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan ya ƙara haske a kan batun. Bincikensa ya nuna cewa kafin mai karatu ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. A 2006 ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafin labari a haka yana buƙatar tushen kalmomi tsakanin 8,000 zuwa 9,000.

A auna wannan da shafi mai kalmomi 300. Wanda ya san kashi 98 zai haɗu da baƙi shida, kuma jimlolin da ke kewaye da su za su taimaka masa ya hasaso ma'anarsu. Wanda ya san kashi 90, wanda a takardar gwaji za a ce ya yi bajinta, zai haɗu da baƙi talatin, kusan kowane layi da nasa. Wannan yaron ba zai iya hasashen komai ba, domin kalmomin da zai jingina da su ma bai san su ba. A nan ne yawancin ɗalibanmu suke, wasu ma can ƙasa da haka. Idan kuma malami yana ba da kalma goma a mako, a shekaru shida na sakandare ba zai kai 3,000 ba, ko da yaro bai manta ko ɗaya ba. Lissafin kansa ya nuna cewa allo ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba. Sauran dubban kalmomin daga karatu suke zuwa, karatu mai yawa, na abin da yaro ke fahimta kuma yake jin daɗinsa.

Za a ce mini ai jarrabawa ce ke tambayar manyan kalmomi, malami kuma jarrabawa yake shirya wa yara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Takardar canki-canka ta WAEC tana da tambayoyi 80, kuma a ciki akwai neman kalma mai ma'ana kusa da wata ko kishiyarta. Amma a duba tambayoyin da kyau: kalmar tana zuwa ne a cikin jimla, kuma jimlar ce ke nuna wace ma'ana ake nufi. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya tilo daga allo, zaɓin da aka ajiye don a yaudare shi shi zai fara ɗauka. Sai kuma takarda ta biyu, inda ake rubuta insha'i na kalmomi aƙalla 450, a amsa tambayoyin auna fahimta, a taƙaita dogon rubutu. A makin insha'i 50, guda 20 na iya sarrafa harshe ne, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure ke cin maki. Yaron da ya cusa babbar kalma inda ba gurbinta ba asara ya yi. Wanda ya rubuta jimloli masu sauƙi, daidai, masu bin juna, shi ke tafiya da makin. Taƙaitawa kuwa ba ta yiwuwa sam ga wanda bai gane abin da ya karanta ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke cewa yaranmu ba sa son karatu. Je ka duba wayar 'yan matan sakandare a Kano ko Zariya ko Gusau. Littattafan Hausa suke karantawa a WhatsApp, shafi bayan shafi, har dare ya raba, suna jiran marubuciya ta sako ci gaba. Babu wanda ya ba su jerin kalmomi kafin su fara, babu wanda zai yi musu gwaji ranar Juma'a. Labarin ne ya ja su, kuma harshen bai fi ƙarfinsu ba. Son karatu yana nan. Abin da babu shi ne littafin Turanci daidai ƙarfinsu, mai labarin da zai hana su ajiyewa. Na farko da ake miƙa wa da yawansu shi ne littafin da JAMB ta wajabta, a aji na ƙarshe, shi ma kuma taƙaitaccen bayaninsa da tsofaffin tambayoyi ake saya a haddace.

An gwada wannan hanya a wuraren da ba su fi mu wadata ba. A farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun kai littattafan labarai kusan 250 kowane aji a wasu makarantun firamare na ƙauyukan tsibirin Fiji, inda yara ba sa jin Turanci a gida. Aka ware musu ɗan lokaci kullum na karatu. Bayan wata takwas, ci gaban da suka samu a fahimtar karatu ya ninka abin da aka saba gani. Yaran firamare ne, na sani, amma ɗalibinmu na sakandare da ke tsayawa a kan "despite" matsalarsa iri ɗaya ce da tasu, kuma maganinta bai canza ba don ya girma.

Ban ce a jefar da littafin kalmomi ba, kuma ban raina hadda ba. Mu da muka tashi a makarantar allo da Islamiyya mun fi kowa sanin ƙarfinta. Amma mun san kuma cewa babu malamin Alƙur'ani da zai bar almajiri ya wanke allo ya wuce gaba ba tare da tishi ba. Abin da aka haddace jiya ana maimaita shi yau, ana komawa kansa bayan mako, ana sake komawa bayan wata. Wannan tishin ne babu shi a ajin Turanci. Littafin kalmomi mai amfani shi ne wanda yaro ya cika da kansa, daga abin da ya karanta. Ya rubuta kalmar tare da jimlar da ya tsince ta a ciki, ya sa ma'anarta da Hausa idan haka ya fi zauna masa, ya ƙirƙiri tasa jimlar a kan rayuwarsa, kasuwarsu ko unguwarsu, sa'annan ya riƙa komawa baya. Kalma biyar da aka yi wa haka sun fi hamsin da aka kwafa aka rufe.

Na ce ya sa ma'ana da Hausa, kuma na san akwai malaman da ba za su so wannan ba. Har yanzu akwai makarantun da monita ke rubuta sunan wanda ya yi Hausa a aji a ci shi tara. A watan Nuwamban 2025 ma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma ko a ƙarƙashin sabuwar manufar, malamin da ya ɗauki daƙiƙa biyar ya faɗi ma'anar kalma da Hausa, sa'annan ya koma Turanci ya kawo misalai uku, ya fi kusa da cimma burin ministan fiye da wanda ya bayyana baƙuwar kalma da wasu baƙi biyu. Tarar kuwa abin da take koya wa yaro shi ne ya yi shiru. Yaron da ya yi shiru shekara shida ba zai buɗe baki ranar da ake buƙata ba.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Wanda ke da aji cike maƙil, wasu a kan benci wasu a ƙasa, ga manhajar da dole ya gama kafin ƙarshen zango, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, jerin kalmomi a allo shi ne abin da ya fi masa sauƙin bayarwa da sauƙin dubawa. Ba zai iya duba insha'in kowane yaro duk mako ba. Sai dai karatun da nake magana a kai ba ya ƙara masa aikin dubawa ko kaɗan. Abin da yake buƙata shi ne akwati ɗaya na littattafai a aji, da minti ashirin a jadawali da ba za a cinye da kwafar rubutu ba. Akwai littattafan da aka rubuta musamman da ƙididdigaggun kalmomi, mataki-mataki, daga masu 'yan ɗaruruwa zuwa masu dubbai, kuma yaro zai iya farawa daga inda ƙarfinsa yake ba tare da jin kunya ba. Ko na firamare ne ya dace da shi, a ba shi, ya gama a kwana biyu ya ɗauki na gaba.

Gwamnatocin jihohin Arewa da dama suna kashe kuɗi masu yawa duk shekara wajen biya wa ɗalibai kuɗin WAEC da NECO. Taimako ne na gaske ga iyaye, ba na so a daina. Amma biyan kuɗin zaman jarrabawa ga yaron da ba a ba shi abin karantawa ba tun yana aji ɗaya, taimako ne da ya zo a makare. Ƙaramin kaso na irin wannan kuɗi zai sa akwatin littattafai a kowane ajin ƙaramar sakandare, inda ya fi dacewa a fara. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda suka fi son gina ƙofa da fentin bango, su ma za su iya ɗaukar aji ɗaya-ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne kada littattafan su ƙare a kulle cikin kabad a ofishin shugaban makaranta don tsoron kada su yage. A bar yara su tafi da su gida, a rubuta sunan wanda ya ara, a kuma sa a cikin kasafi tun farko cewa wasu za su ɓace, a sake sayen wasu a zango na gaba.