Darasin Tarbiyyar Intanet Bai Kamata Ya Jira Isowar Kwamfuta Ƙauyukanmu Ba

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu ta makarantun firamare da sakandare, wadda ta ba ilimin fasahar zamani gurbi tun daga manyan azuzuwan firamare. Abu ne mai kyau, kuma an daɗe ana jiransa. Sai dai duk wanda ya san halin da makarantun karkara suke ciki a Kano da Jigawa ya san yadda ake karɓar irin wannan sanarwa: shugaban makaranta zai ce babu wuta, babu kwamfuta, babu malamin da zai koyar, sai a rubuta sunan darasin a jadawali, a zauna jiran ranar da kayan aiki za su iso. Ni kuwa a ganina ɓangaren darasin da ya fi muhimmanci ba ya buƙatar wannan jira. Koya wa yaro ya tantance labari kafin ya tura shi, ya kare sirrinsa da na iyayensa, ya kiyaye mutuncin mutanen da ba ya ganin fuskarsu, aiki ne da allo da alli suka wadatar a fara shi.

Dalili kuwa shi ne waya ta riga darasin isa ƙauye. A ranar kasuwar Wudil ko ta Maigatari, mutum ya tsaya a rumfar mai caji ya kalla: wayoyi jere a kan katako, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareto yana ƙugi a bayan rumfa, yara sun kewaye mai turi yana loda musu fina-finai da waƙoƙi da wa'azi da guntayen bidiyoyin da shi kansa bai san asalinsu ba. Ba sai da data abin yake yaɗuwa ba, domin kafin magariba abin da ya shiga waya ɗaya ya zaga unguwa. A gidaje da yawa kuma ɗan makaranta shi ne magatakardan gida. Idan saƙo ya shigo, mahaifinsa zai miƙa masa waya ya ce, "Zo ka karanta mini abin da suka ce." Shi ake aika wa wurin mai POS da katin mahaifiyarsa, shi ya san lambar sirri, kuma sau da yawa shi ne zai karanto lambar da banki ya turo ga wani baƙo da ya bugo waya yana cewa za a rufe asusu in ba a gaggauta ba. Yaron da aka ɗora wa wannan nauyi yana da shekara goma sha biyu, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Ƙasashen duniya sun bi hanyoyi daban-daban wajen tunkarar wannan matsala. Wasu sun zaɓi hani. Faransa ta haramta wa ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Ostireliya kuma ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2025, ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta, tare da ɗora tara mai nauyi a kan kamfanonin da suka ƙi bin dokar. Ba na raina wannan mataki, amma maganin wata cuta ce da ba ita ce tamu ba. Ɗan ƙauyenmu ba ya zuwa aji da waya, kuma ba shi da shafi da sunansa. Wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa yake ɗauka da daddare, a lokacin da babu malami kuma babu dokar da za ta iya leƙa cikin ɗaki.

Hanyar da Finland ta bi ita ce ta fi jan hankalina. Manhajar da ƙasar ta fara aiki da ita a 2016 ba ta kulle wannan ilimi a ɗakin kwamfuta ba, ta raba shi ga kowane malami. Malamin lissafi yana nuna wa yara yadda ake yaudara da alƙaluma, malamin zane yana nuna yadda ake sauya ma'anar hoto, malamin tarihi yana kawo farfagandar zamanin yaƙi a tattauna, malamin harshe kuma yana nuna yadda ake zaɓar kalma don a tunzura mai karatu. Daga 2017 zuwa 2023 Finland ce ta riƙa zuwa ta ɗaya a ma'aunin da wata cibiya da ke Sofiya ta Bulgeriya take fitarwa kan juriyar ƙasashen Turai ga labaran ƙarya. Maƙwabciyarta Estoniya ta wajabta wa ɗaliban babbar sakandare kwas na sa'o'i 35 kan kafafen yaɗa labarai da tasirinsu. Za a ce waɗannan ƙasashe ne masu arziki, kuma gaskiya ne, amma a duba abin da malamin lissafin nan yake yi: tambaya yake koyarwa, ba na'ura ba.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Indiya. A gundumar Kannur ta jihar Kerala, jita-jitar da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu allurar rigakafin ƙyanda, sai hukumar gundumar ta horar da malamai, ta fara darasin gane labarin ƙarya a makarantun gwamnati 150 a 2018, kuma aka riƙa umartar yaran su koma gida su bayyana wa iyayensu abin da suka koya. Mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mun kuma ga daren watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta bugo waya ana tashin mutane daga barci a kan su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka samu rahoton rasa rayuka. Adalci ne a tuna cewa shakkun mutanenmu yana da tushe, domin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo. Saboda haka darasin ba zai zama "ka yarda da duk abin da hukuma ta faɗa" ba. Abin da za a koya wa yaro shi ne ya tambaya: wa ya faɗa, a ina ya samo, yaushe aka ɗauki hoton, kuma wa zai amfana idan na yarda?

Ga yadda nake hango darasin a ajin da babu ko soket. Malama ta zo da wayarta, ta kunna saƙon murya guda da yake yawo a garin a wannan makon, irin wanda ake farawa da "jama'a ku tura wa 'yan uwa don Allah", ta bar yara su saurara har ƙarshe. Sannan ta raba allo gida biyu, a rubuta abin da mai maganar ya gani da idonsa a gefe ɗaya, abin da aka gaya masa a ɗaya gefen. Yara da kansu za su ga cewa gefen farko fayau yake, ba suna, ba gari, ba rana. Wani makon ta kawo saƙon da ke cewa ana rabon tallafi, a danna nan a saka lambar NIN da ta BVN. Wani makon kuma a yi maganar hoto: me ya sa bai halatta ka ɗauki hoton 'yar ajinku ka tura ba tare da izininta ba, kuma me ya sa abin da ya fita ba ya dawowa. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a karkara fiye da birni, domin a garin da kowa ya san kowa, hoto ɗaya ko ƙazafi ɗaya yana iya ɓata auren yarinya ko ya sa a cire ta daga makaranta. Dole kuma a yi duk wannan da Hausa, tunda da Hausa ƙaryar take zuwa, kuma yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta iya kwaikwayon muryar malami ko basarake, jin muryar da ka sani bai isa hujja ba.

Muna da wani jari da Finland ba ta da shi, wato Islamiyya da tsangaya, inda yara da yawa da ba su taɓa shiga ajin boko ba suke zaune kullum. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, aya ta 12 kuma ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tambayar wa ya ji daga wa. Yaranmu suna haddace waɗannan, amma da wuya a ce musu maɓallin turawa yana cikin hukuncin. Malamin Islamiyya da zai faɗi wannan jumla ɗaya a fili, ya kawo misali daga wayar da ke aljihunsa, ya yi aikin da babban taro a otal ba zai yi ba.

Akwai masu cewa makarantar da yara suke zaune a ƙasa, wasunsu ba sa iya karanta sunansu a aji huɗu, ba ta da sararin wani sabon nauyi. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024. Amma wanda bai iya karatu ba shi ya fi dogara da murya da bidiyo, don haka shi ya fi shiga haɗari, kuma abin da nake nema ba ƙarin awa ba ne, sauya misalan da malami yake amfani da su ne a darussan da ake da su. Inda matsalar gaskiya take shi ne malaman, domin malami ma yana tura abin da bai tantance ba a zauren WhatsApp na ma'aikata. Kwalejojin horar da malamai na Gumel da Kumbotso da Bichi su ne wurin farawa, sannan hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin biyu su fitar da ɗan littafin jagora da Hausa, a nemi gudummawar cibiyoyi irin CITAD ta Kano, waɗanda suka daɗe suna bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet.

Abin da nake jin tsoro shi ne a mayar da darasin ya koma horon yin shiru. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu sukar mahukunta, har sai da aka yi wa sashen gyara a 2024. Idan abin da yaro zai ɗauka daga aji shi ne "kada ka yi magana a kan manya", to an koya masa tsoro da sunan tarbiyya. Matashin da ya ɗauki hoton rufin ajinsu da iska ta yaye, ko famfon garinsu da ya shekara a lalace, ya rubuta sunan garin da ranar da ya ɗauka, ya tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi ba tare da zagi ko ƙari ba, ya yi daidai abin da ake so darasin ya haifar. Jagoran malamai da za a rubuta ya ƙunshi wannan misali a babinsa na farko, kusa da na saƙon ruwan gishiri.