Wa ke riƙe da jaririn idan uwa ta shiga lakca?

Duk wanda ya taɓa ratsa harabar wata babbar makaranta a Zariya da hantsi ya san su. Suna zaune a gindin bishiya ko a kan dakalin bayan aji, yara mata 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, kowace da goyo, a gefenta jaka mai filas, kofin kunu da famfas biyu. Idan jaririn ya ƙi lallashi, sai yarinyar ta je jikin taga ta yi ta leƙe har Anti ta hango ta, ta sulale ta fito, ta ba shi nono a tsaitsaye, ta koma. Mun saba da su har idonmu ya daina tsayawa a kansu. In matar aure ta zauna lissafin abin da karatu ke ci mata, za ta ambaci kuɗin rajista, kuɗin mota, hoton takardu da data. Yarinyar nan ba ta shiga lissafi, don a ganinmu kyauta aka samo ta.

Ba wa'azi na zo yi wa kowa ba, domin ni ma na yi. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da safe, ina karatun digiri da rana, ga ɗa ɗan wata biyar. Surukata ta aika ƙauye aka kawo mini yarinya 'yar shekara goma. Wani dare ina duba littattafan ɗalibaina, tana jijjiga yaron, sai ta ce, "Anti, in kin gama makarantar ni ma za ki sa ni?" Na ce mata in sha Allahu. Bayan ta kwanta na ƙirga: saura mini shekara uku. A kan haka kuma aka shiga yajin aikin jami'o'i na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, alƙawarin ya ƙara nisa.

Abin da nake so mu yarda da shi shi ne, rainon nan da muke kira mai araha ba araha ba ne, wani ne ke biya. Digirin uwa ake saye da firamaren 'yar wani.

Sai dai kafin a ɗora wa uwar laifi, a dubi kwanar da aka saka ta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kaduna ta ce 72,000, kuma duk malamar makarantar kuɗi ta san sau da yawa wannan adadin a rediyo kawai take jin sa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wadda ke zaune a cikin birni ko Tudun Wada tana karatu a Samaru ta san abin da hawa biyu ko uku ke ci mata kullum, daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila, daga nan a sake wata motar. Bashin karatu na NELFUND yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, abin a yaba, amma an auna shi da cikin mutum ɗaya ne, ba da gwangwanin madara ba. Gidajen raino na kuɗi suna nan a Sabon Gari, Samaru, Hanwa da sauransu, sai dai yawancinsu da agogon ma'aikacin ofis suke tafiya. Suna tashi kafin la'asar ko jim kaɗan bayanta, ita kuwa lakca takan kai ƙarfe shida. Mai karatun ƙarshen mako ma ba a maganarta, Asabar ƙofa a rufe take.

Da can wannan ba magana ba ce. A babban gida na cikin ganuwa, da sassa da kishiyoyi da matan 'yan'uwa, ɗa na kowa ne da gaske: ki miƙa shi ga Gwaggo ki fita, ki dawo ki tarar an yi masa wanka. Yanzu amarya ɗaki da falo ake kama mata a Dogarawa, Palladan ko Hayin Dogo, maƙwabciyarta ma fita take yi. Kaka kuwa, in tana kusa, ko dai ma'aikaciya ce da ba ta yi ritaya ba, ko tana fama da hawan jini da nata ƙananan sana'o'in. Gidan da ke rainon ya watse, ba a gina komai a gurbinsa ba, sai muka cike ramin da ƙaramar yarinya.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma da ita na riƙa kwantar da hankalina: ai a ƙauyensu talla take yi, a nan ko ba komai tana cin mai kyau, tana kwana a katifa. Wani lokacin gaskiya ne. Kuma riƙo tsohuwar al'ada ce mai daraja. Amma riƙo na asali, wanda ya ɗauki yarinya shi ke tarbiyyarta, ya sa ta makaranta, ya yi mata kayan ɗaki. Wanda muke yi yanzu aikatau ne aka yafa wa mayafin riƙo: dillaliya ta kawo, a biya ta lada, ɗan abin da aka yanka a wata a aika wa uwar yarinyar, ita kuma ko Islamiyyar yamma ba ta samu saboda lokacin ne Anti ke aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye da masu riƙo su tura yaro firamare da ƙaramar sakandare. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikin gida a wajen danginsa. Shi ya sa kowace 'yar raino a Zariya "'yar ƙanwar mijina" ce. Abin takaicin, da yawa cikinmu ilimin koyarwa muke karantawa, muna rubuta jarrabawa a kan yaran da ba sa zuwa makaranta, alhali ga ɗaya nan a bakin taga.

To ina maigida? A nan ne na fi son a tsaya. Sau nawa muka ji namiji na bugun ƙirji yana cewa "ai na bar ta tana karatu", kamar izinin shi ne dukan gudummawar? Da zarar an zo kan kuɗin raino sai a ji, "karatunki ne ya jawo, ki biya a albashinki." Ɗan nan fa nasa ne. Aya ta 233 cikin Baƙara ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a wuyan uban ɗa, ba ta ce sai in ba ta zuwa makaranta ba. Kuma in aka karɓo takardar aka samu ƙarin girma, buhun shinkafar gidan ba a rubuta sunan wanda ya saya a kansa. Kuɗin raino ya kamata ya zauna kusa da cefane da kuɗin haya tun ranar da aka sayi fom, a yi shawararsa a fili. Sannan akwai abin da ba ya cin ko sisi: malamin da ke tashi aiki ƙarfe biyu, ko ɗan kasuwar da ke da yaro a shago, ba abin da zai ragu a jikinsa don ya riƙe ɗansa awa biyu ranar Laraba. Na san masu yi, ban ga rawaninsu ya faɗi ba.

Dabarar da na ga ta fi aiki kuwa daga ɗalibai mata ta fito, ba daga wani ofis ba. Su huɗu ko biyar su haɗa kai kamar adashi, su kama ɗaki kusa da ƙofar makaranta, su nemi babbar mace, sau da yawa bazawara ko dattijuwar da ke neman abin rufin asiri, su biya ta albashi na mutunci a raba tsakaninsu. Abin da ya gagari ɗaya, biyar sun ɗauka. Tsakanin lakca da lakca uwa ta leƙo ta shayar. Yana da nasa rigingimun, wata ta makara da biya, wata ta ce an fi kula da ɗan wata, amma kuɗin ya tafi hannun wadda ta isa aiki, ba a cire kowa daga aji ba.

Makarantu ma da nasu. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, ga harabarta ta Kongo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga tsohuwar kwalejin ilimi ta tarayya, garin nan kaf ɗalibai ne ke juya shi, kuma kowa ya ga yadda mata masu goyo suka yawaita a azuzuwa. Ɗaki mai tabarma, fanka da ruwa a kowace tsangaya, a ba ƙungiyar mata ta gudanar a kan farashi mai sauƙi, bai kai kuɗin gina sabuwar ƙofa ba. Wanda ya fi wannan sauƙi ma shi ne a daina ɗage lakca haka kawai. Malamin da ya mayar da darasin ƙarfe goma zuwa ƙarfe huɗu da saƙon WhatsApp bai san ya rushe wa mace shirin yini guda da kuɗin mota biyu ba. A wajen aiki, dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, Jihar Kaduna kuma tun 2019 ta amince wa ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida. Zangon karatu bai san da wannan ba. Don haka wadda haihuwa ta zo mata dab da jarrabawa, jingine zango ɗaya ba faɗuwa ba ne, karatu daga gida ta intanet ma hanya ce, in akwai wuta da data.

In kuwa dole sai an ɗauko yarinya, to a sa mata sharaɗin da za a sa wa 'yar cikinka: safiya tata ce, ta makaranta. Uwar ta tsara fitarta a kan haka, ba a tsara rayuwar yarinyar a kan jadawalin Anti ba.

Tawa 'yar rainon na sa ta makaranta tana da shekara goma sha uku, aji uku na firamare, ta fi kowa tsayi, tana bencin ƙarshe. Zango biyu ta yi, babanta ya aiko a mayar da ita, wai an kawo kuɗin gaisuwa. Hoton ranar da aka yaye mu yana nan rataye a falo, ni da riga da hula a tsakiya, maigida a dama, ita a can gefe da yaron a kafaɗa, tana kallon takardar da ke hannuna.