Kwana goma sha biyu da ƙaramin lens ɗin makro

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda na ɗora hotunan hular mahaifina da na ɗauka kusa-kusa a sitatus mutane suke ta cika min inbos da tambaya wai da me na ɗauka, wani ma cewa ya yi ai wannan sai dai na'urar asibiti, to bari in yi bayani sau ɗaya a nan kowa ya huta. Ƙaramin lens ɗin makro ne na saya, wato gilashin kyamara mai ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa sosai, yau kwanansa goma sha biyu a hannuna, don haka abin da zan faɗa ra'ayin farko ne, na zafi-zafi, amma wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa yin shiru.

Sunansa Fujifilm XF 30mm f/2.8 R LM WR Macro, ya fito ƙarshen 2022 lokaci ɗaya da kyamarar X-T5, ni kuma a kan X-T4 ɗina na ɗaura shi. Abin da ya fara ba ni mamaki tun kafin in kunna kyamara shi ne rashin nauyinsa. Giram 195 ne kacal, tsawonsa bai cika santimita 7 ba, bakinsa kuma filta mai milimita 43 yake ɗauka. Na taɓa aron babban yayansa, wato 80mm makro na kamfanin, giram 750 ne shi, lens ne mai kyau ba ƙarya amma duk wanda ya taɓa yinin biki da kyamara rataye a wuya tun daga wajen kamu har zuwa dina ya san me giram ɗari bakwai da hamsin ke nufi, sai ka ga ka fara lissafi tun a gida, in ɗauke shi ko in bar shi, kuma yawanci barinsa ake yi. Wannan ƙaramin kuwa a aljihun gefen jaka yake zama, kwana goma sha biyun nan ban fita ba tare da shi ba ko sau ɗaya, kuma a wajena nan ne rabin darajarsa take.

Bari in ɗan warware maganar makro ɗin nan don ana yawan ruɗa mutane da ita. Za ka ga lens ɗin zum an rubuta masa makro a jiki, ko waya an ce tana da kyamarar makro, alhali kawai yana ɗan matsowa kusa ne. Makro na ainihi shi ne wanda ake cewa 1:1, ma'ana girman abu a zahiri shi ne girmansa a kan sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara mai kama hoton. Sensan kyamarata faɗinta kusan milimita 23 da rabi ne, tsayinta kuma 15 da ɗoriya, to duk abin da faɗinsa ya kai santimita biyu da ɗan wani abu zai cika hoton gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ka ƙiyasta kan babban yatsanka ya cika fuskar kwamfuta. Abin da wannan ɗan lens ɗin yake yi kenan, kuma gani ya kori ji.

Ranar da ya zo da yamma na je gaida mahaifina, yana zaune a zaure hularsa na ajiye a kan tabarma, kube ce irin ta hannu da ya daɗe da ita. Na ce Baba ara min hular nan minti biyu. Na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, na matso, na matso, har na ji kamar zan taɓa ta, na danna. Da na duba bayan kyamara sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Shekara nawa ina ganin hular nan a kansa, na san kalarta na san zanenta, amma ban taɓa ganin aikin da ke cikinta ba sai ranar. Kowane ɗan rami da zare ya zagaye shi, kana ganin inda allura ta shiga da inda ta fito, wani ramin ya ɗan fi wani girma, wani wajen an ja zaren da ƙarfi wani wajen hannu ya ɗan sassauta, har kana ganin murɗin zaren kansa siri-siri yana sheƙi. Na miƙa masa kyamarar na ce Baba duba hularka. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, kai yaro, ashe haka matan nan suke shan wahala, mu kuma mu tsaya muna ta ciniki a kan ɗari biyar.

Maganar nan tasa ita ce ta sa nake wannan dogon rubutun. Mu masu hoto a nan, da ni a ciki, kusan duk hankalinmu ya tafi wajen lens ɗin da zai narkar da baya. Kowa burinsa 85mm ko 56mm mai buɗaɗɗen baki, a ɗauki amarya baya ya zama kamar madara, shikenan an iya hoto. Ba na raina wannan, da shi muke cin abinci. Amma ku duba abin da ake sayarwa a garuruwanmu yanzu ta Instagram da WhatsApp, huluna, ɗinkin hannu irin na Zariya su aska takwas, takalma da jakunkunan fata, zobba da sarƙoƙin gwal, turaren wuta, duwatsun ado na amare, duk abubuwa ne da kuɗinsu yake cikin ƙananan bayanai. Mai sayen hular Zanna Bukar daga Legas ko Yamai ko Kumasi tambayarsa ta farko ita ce ta hannu ce ko ta inji, kuma mai sayarwa ba shi da amsa sai rantsuwa, saboda hoton da ya tura daga nesa aka ɗauka, hular hannu da ta inji duk kamarsu ɗaya. Hoto guda na makro ya kashe wannan gardamar, don aikin inji layinsa ɗaya ne sak kamar an buga da hatimi, na hannu kuwa numfashin mai ɗinkin yana ciki. Ina ganin mun daɗe muna tauye masu sana'ar hannunmu da hotunan da ba sa nuna wahalarsu, kuma abin yana damuna sosai.

To amma kowa ya ci zomo ya ci gudu, kar wani ya je ya saya yana zaton daga dannawa sai hoto. A takarda an rubuta mafi kusancin fokos santimita 10, mutane da yawa ba su san cewa daga sensa ake auna wannan ba, daga wata 'yar alama mai kama da zobe da layi a tsakiya da ke saman kyamara, ba daga bakin lens ba. In ka cire tsawon lens ɗin da tazarar da ke tsakaninsa da sensa, abin da ya rage tsakanin gilashi da abin da kake ɗauka santimita ɗaya ne da ɗan kai. To a wannan kusancin kai da kanka kake tare haske, inuwar lens ɗin tana faɗawa kan abin, filashin saman kyamara kuma ba ya ma isa wajen. Haka duk gajeren makro yake ko na wane kamfani ne, lissafin gilashi ne kawai. Abin da na koma yi shi ne in cire hular lens ɗin in ajiye, in sa haske ya shigo ta gefe, ko taga ko 'yar fitilar caji da na rufa wa farar takarda, ɗaya gefen kuma in jingina farin kwali ya mayar da hasken. Hasken gefen ma ya fi fito da tudu da kwarin zare. Kuma gaskiya yawancin hotunan da suka fi burge ni ba a 1:1 na ɗauke su ba, na ɗan ja baya ne kamar rabin haka, sai ka samu wurin sa haske kuma zanen ya fito da ma'ana.

Ƙwari kam a manta. Na bi wani mazari a bayan gida kusan rabin awa, kafin in kai inda nake so ya tashi. Mai son ƙudan zuma da malam buɗe littafi ya nemi dogo, 80mm ko 90mm ko 100mm.

Abu na biyu da ya ba ni aiki shi ne siririn fokos. A 1:1 in ka buɗe ƙofar hasken lens ɗin gaba ɗaya, wato f/2.8, wurin da zai fito tas bai kai rabin milimita ba, ko ka tsuke zuwa f/8 har yanzu bai cika milimita ɗaya ba, wato numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da fokos daga kan dutsen zobe zuwa ƙarfensa. Ga shi kuma idan ka matso haka hasken da ke kaiwa sensa yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya haura ko kyamara ta rage saurin ɗauka hannu ya fara rawa a hoton. Lens ɗin ba shi da sitabilaiza, wato abin rage rawar hannu, a jikinsa, ta cikin bodin X-T4 nake dogara da ita, tana taimakawa amma ba ta hana ka yin gaba da baya. Za ka ce to a tsuke har f/22 mana, na gwada, fokos ɗin ya ƙaru amma hoton gaba ɗaya ya ɗan yi laushi saboda yadda haske ke bazuwa in ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa. Ni dai tsakanin f/5.6 da f/11 na zauna. Wanda ke da tirafod da haƙuri kuma, kyamarar tana iya ɗaukar hotuna da yawa a jere tana matsar da fokos kaɗan-kaɗan, sai ka haɗe su a Photoshop ko Helicon Focus su zama hoto ɗaya mai kaifi daga gaba har baya. Na yi wa wani zoben azurfa haka da hoto talatin, ya ci min lokaci amma da na tura wa mai shi sai da ya kira ni a waya.

Wani abu kuma, makro ba ya rufa asiri. Ƙurar da idonka bai gani ba, shatin yatsa a jikin gwal, ɗan gashin auduga a kan hula, duk sai sun fito ƙato-ƙato. Yanzu ɗan buroshi da abin hura iska da ƙyalle mai laushi ba sa barin jakata, gara minti biyu na gogewa da awa guda a gaban kwamfuta.

Ranar Asabar na tafi da shi wajen ƙunshin wata amarya. Nan ne na gane ba lens ɗin abu ɗaya ba ne. 30mm a kan wannan sensan daidai yake da kusan 46mm a babbar sensa, wato kusan yadda ido ke gani, don haka da shi na ɗauki ƙawaye suna zaune, da shi na ɗauki mai lalle tana aiki, sannan ban canza komai ba na matso kan yatsun amarya na ɗauki zanen baƙi da ja har layukan fata suna fitowa. Fokos ɗinsa yana da sauri kuma ba ka jin ƙararsa, sannan ba ya zuro baki waje in yana nema, komai a ciki yake motsi, wanda ke da muhimmanci in kana santimita biyu daga lallen da bai bushe ba. Mai lallen ta ce don Allah ɗan'uwa turo min waɗannan, ban taɓa samun hoton aikina haka ba. Da dare a wajen dina dai na mayar da shi jaka na ɗauko wani lens mai f/1.4 da ya fi shigar da haske, don hasken wurin ya yi ƙasa.

Harafin WR ɗin nan da ke jikin sunansa yana nufin an toshe shi daga ƙura da yayyafi, kuma ga mu da muke aiki cikin hazo da ƙurar hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai a tuna sai bodin ma yana da irin wannan kariyar, kuma ba lasisin shiga ruwan sama ba ne.

Na san yawancinku ba Fuji kuke riƙewa ba, to kusan kowane gida yana da irin nasa. Masu Nikon Z akwai MC 50mm f/2.8 mai giram 260, masu Sony akwai FE 50mm f/2.8 Macro mai giram 236, dukansu 1:1 ne. Masu Olympus akwai 30mm f/3.5 da nauyinsa giram 128 ne kawai kuma yana ɗan wuce 1:1 ma. Canon RF 35mm f/1.8 Macro da mutane da yawa suke da shi rabi yake kaiwa, wato 1:2, amma ga hula da lalle da takalmi ya isa har ya yi yawa, in kana da shi a jaka ka fara matsowa da shi tun yau. Nawa kusan dala 600 aka sa masa da ya fito, kuma da yadda canji yake yanzu na san ba kuɗin wasa ba ne, ni ma na hannu na samu bayan na sayar da wani tsohon lens. Wanda bai da hali ya nemi zoben nan da ake sawa tsakanin bodi da lens, babu gilashi a cikinsa, nesanta lens ɗin kawai yake yi daga sensa sai ya iya fokos kusa, yana da araha sosai, illarsa in yana ɗaure ba ka iya ɗaukar abu mai nisa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa, na riga na yi magana da wani dattijo mai ɗinkin jakar fata ya ce in zo da safe kafin rana ta yi zafi. So nake in ɗauki bakin ɗinkin da jar fatar nan, da hannunsa yana riƙe da basilla. In akwai mai ɗinkin hula ko mai saƙa a cikinku ko a gidanku da ke nan cikin Kano, a yi min magana ta inbos, zan zo in ɗauki aikin kyauta in tura muku hotunan ku yi talla da su.